Dutse ɗaya a doguwar igiya

Mu ne yaran nan da kuka sani, waɗanda rikicin 2011 ya samu muna tsakanin shekara 7 zuwa 13. Yau a cikinmu akwai direba, akwai mai gyaran waya, akwai ɗan kasuwar citta, akwai malamar jinya, wasunmu ma har da 'ya'ya bibbiyu. Mun daɗe muna jan ƙafa a kan wannan rubutu, don magana ce da ba a saba yi a fili ba. Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne mun tabbata abin da muke ɗauke da shi, akwai irinsa a gidaje da yawa na unguwar nan.

A Disambar 2023 ne, shekarar da cuta ta cinye gonakin citta, aka yi suna a gidan ɗayanmu. Muna zaune a waje ana cin abinci, sai yaran maƙwabta suka fasa nokawut irin na Kirsimeti a bayan katanga. Kafin mu ɗaga kai, abokinmu direba, ƙato mai gemu, yana ƙarƙashin benci, faranti ya kife, shinkafa ta watse. Aka yi ta dariya, shi ma ya fito yana kakkaɓe riga yana dariya. Da dare muka haɗu wurin mai shayi, wani ya sake tsokano maganar. Sai ya ce, "Ku ƙyale ni don Allah. Ai kun sani, ni tun ranar nan matsoraci ne." Babu wanda ya tambaye shi wace rana. Can sai mai gyaran waya ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai naka tsoro ne kawai. Ni fa ni na saki hannun ƙanina."

Shekara 12 muna tare da shi, tare muke sallah, tare muke kallon ƙwallo, ba mu taɓa jin wannan magana a bakinsa ba.

Saboda ƙannenmu da ba su yi wayo ba a lokacin, bari mu faɗi abin da ya faru a taƙaice. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar Asabar 16 ga Afrilu, 2011. Da sakamako ya fara fitowa, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, aka ƙona coci-coci da shaguna, aka kashe Kiristoci, aka kashe 'yan bautar ƙasa a jihar Bauchi. Daga yammacin Litinin 18 ga wata zuwa washegari, wutar ta juyo kudancin Kaduna, ta faɗa wa Musulmin Zonkwa da Matsirga da sauran garuruwa, aka yi faɗa a Kafanchan, kasuwa ta ƙone. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu cikin kwana uku a jihohi 12, kuma mafi yawansu a nan kudancin Kaduna ne. Wannan shi ne lissafin manya.

Lissafin yara daban ne. Mu abin da ya zauna mana shi ne warin taya tana ci, da ƙarar kwano yana faɗuwa, da sanyin ƙasa a tafin ƙafa saboda ba mu tsaya ɗaukar takalmi ba. Lokacin mangwaro ne, har yau akwai wacce a cikinmu in ta ji ƙanshin mangwaron da ya ruɓe a ƙasa sai zuciyarta ta tashi. Wasunmu a nan abin ya same su, wasu iyayensu na Zonkwa a lokacin. Da yawanmu mun ƙare a sansanin alhazai na Mando a Kaduna, wasu suka yi watanni, wasu shekaru. Akwai abokan wasanmu da ba su ƙara dawowa ba, yau suna Kaduna ko Zariya ko Saminaka, in ka ce musu su zo biki sai su ce a gai da mutane.

Da ƙura ta lafa, abin da iyayenmu suka ce mana shi ne, "A yi haƙuri, a bar wa Allah." Ba mu ga laifinsu ba. Su sun ga na Kafanchan a Maris 1987, sun ga na Zangon Katab a 1992, sun ga na Kaduna a 2000. Ga gawa, ga gidan da ya zama toka, ga bakuna suna jiran abinci. Wa ke da sukunin zaunar da yaro ya tambaye shi me ya gani? A ganinsu ma yaro ne, zai manta.

To, yaro ba ya mantawa. Kuma in ba a ba shi labarin abin da ya faru ba, shi zai haɗa wa kansa. Hankalin yaro kuwa kansa yake sa wa a tsakiyar komai. In iyayensa suka yi faɗa, sai ya ɗauka shi ya jawo. To ina ga daren da gari ya kama da wuta? A wurin mai shayin nan muka gano cewa kowannenmu yana da 'yar jimla guda da ya haɗa wa kansa tun yana ƙarami, yake ta maimaitawa a zuci kamar lazimi. Wannan ya ce matsoraci ne shi. Wannan ya ce shi ya yar da ƙaninsa. Wata, da muka ji nata daga baya, ta ce kukanta ne ya tona inda suka ɓuya. Wani ya ce shi tun ranar ya san cewa duk abin da ya gina ƙonewa zai yi.

Kada a ɗauka maganar zuci ce kawai. Ta shiga rayuwarmu ta ko'ina. Mai cewa komai ƙonewa zai yi, shekara biyar yana samun kuɗi a citta bai taɓa sa bulo ɗaya a filin da mahaifinsa ya bari ba. Mai gyaran waya, da Allah ya ba shi ɗa, ba ya yarda ya riƙe hannun yaron a kan titi, sai ya ce uwarsa ta riƙe. Akwai wanda ba ya barci sai da takalmi a gefen kai. Akwai wanda ya faɗa shan tiramol don ya samu barci. Akwai mai zafin hannu a gida, ya daki yaro a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ya shiga ɗaki ya rasa abin da ke masa daɗi. Unguwa ta ba kowa suna: wancan miskili ne, wancan mafaɗaci, wancan ya lalace. Mu ma muka karɓi sunayen, muka ce halinmu ne.

'Yar uwarmu malamar jinya ce ta kawo mana dabarar igiya. Ta ji labarin abin da ya faru a wurin mai shayi daga bakin yayanta, sai ta aiko a ce mu zo zauren gidansu ranar Lahadi bayan la'asar. Muka tarar ta shimfiɗa igiyar shanya a ƙasa, ga tsakuwa da duwatsu a gefe, ga ɗan kwanon dabino. Muka ce, "Anti, tsafi za a yi ko kuwa?" Ta ce, "Ku zauna dai."

Ta bayyana mana cewa ba ita ta ƙirƙiro ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam ne a jami'ar Konstanz ta ƙasar Jamus, Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert, suka tsara hanyar don waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, aka kuma gwada ta da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda. Igiya ita ce rayuwarka. Bakinta na farko ranar haihuwarka, ɗaya bakin kuma a bar shi a naɗe, don kwanakin da ba su zo ba. Sai ka bi ta daga farko, inda abin baƙin ciki ya same ka ka ajiye dutse, inda abin farin ciki ya same ka ka ajiye fure. Mu da ba mu da fure a kusa, dabino muka sa.

Ta kuma gaya mana dalili. Abin da ya faru da mutum cikin natsuwa, ƙwaƙwalwa tana ajiye shi da kwanan wata da wuri, kamar takarda a cikin fayil. Abin da ya faru cikin tsananin firgici kuwa, gutsi-gutsi yake shiga: ƙara, wari, bugun zuciya, babu kwanan wata a jikinsa. Shi ya sa in nokawut ya fashe, jikin direba bai san 2023 ake ciki ba, shi a wurinsa daren nan ne ya dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Aikin da ake yi shi ne a ba da labarin a jere, a hankali, a gaban wanda aka amince da shi: ina kake, shekararka nawa, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya. In an yi haka sau da yawa, abin yakan koma mazauninsa, ya zama abin da ya wuce. Ta ce ainihin maganin ƙwararre ne ke yin sa da mutum ɗaya-ɗaya, mu abin da za mu yi shimfiɗa ce kawai, kuma duk wanda ya ji ba zai iya ba ya tsaya.

Direba ne ya fara. Ya ɗauki dutse mafi girma zai ajiye, ta ce, "A'a, ka fara daga haihuwa." Ya tsaya yana tunani. Ya sa dabino a ranar da mahaifinsa ya kai shi kallon jirgin ƙasa a Kafanchan. Ya sa wani a ranar da suka je wanka ruwan Matsirga aka zane su. Sannan dutsen. Bayan dutsen kuwa sai ga dabino na saukar Alƙur'ani, na samun lasin, na aure, na ranar da ya kai wata mai naƙuda asibiti cikin dare aka haihu lafiya. Da ya gama ya miƙe ya kalli igiyar daga sama. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe dare ɗaya ne." Shi duk tsawon shekarun nan gani yake igiyar daga dutsen ta fara, kuma a nan ta ƙare.

Na mai gyaran waya ya fi nauyi. Yana da shekara 9, ƙaninsa 5. Suna gudu cikin duhu, jama'a ta turo, hannun yaron ya zame. Ba a ƙara ganinsa ba. Da ya kai nan sai ya yi shiru. Malamar jinya ta tambaye shi, "Ɗaya hannun naka fa, me ke ciki?" Ya ce bai tuna ba. Ta ce, "Inna tana raye. Ka taɓa tambayarta?" Ya ce, "Da wane ido zan kalle ta?"

Sati uku ya yi kafin ya iya. Ya same ta bayan sallar asuba, ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe mini, ni na sake shi." Ya ce ta daɗe tana kallonsa kamar ba ta gane yaren ba. Sannan ta ce, "Kai? Kai da na goya maka jaririya a baya, na ce ka tallafe ta da hannu ɗaya kada ta faɗi? Ai ni ce na haɗa maka biyu, don na koma ɗauko kakarku. Ni ce na yar da shi, ɗan nan." Ashe ita ma shekara 12 tana kwana da wannan. Kuma ta gaya masa cewa mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, har ya koma ga Allah yana cewa laifinsa ne da ya tafi kasuwar wani gari a ranar. Mutum uku a gida ɗaya, kowa ya ɗauki gawar yaro guda a kansa, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa. Waɗanda suka kunna wutar kuwa babu wanda ya sa su a lissafin.

Jaririyar nan yau budurwa ce, tana sakandare. Shi ya manta sam cewa a bayansa ta fita daga wuta. Da ya dawo ya ba mu labari, muka kira wani ɗan maƙwabta mai shekara 9 muka ce ya buɗe hannunsa. Muka ce wa abokinmu, "Duba. Wannan hannun ne kake tuhuma." Ya riƙe hannun yaron yana juyawa, hawaye na zuba. Jimlarsa ta yau ita ce: ina da shekara 9 aka ba ni yara biyu cikin duhu, na fitar da ɗaya, aka raba ni da ɗaya. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Ta ma fi ta farko gaskiya, don ta farkon rabin labari ce.

A nan muke so a fahimce mu. Sake ba da labarinka ba yi wa kai daɗin baki ba ne. Ba cewa za ka yi abin bai faru ba, ko bai yi zafi ba. Yaron nan dai bai dawo ba. Abin da ake yi shi ne a dawo da guntayen da tsoro ya yanke: shekarunka, ƙanƙantarka, abin da ka yi daidai, wanda ya taimake ka, da wanda laifin yake kansa a gaskiya. Wani masani ɗan Ostareliya mai suna Michael White, tare da abokin aikinsa David Epston na ƙasar Niyuzilan, sun gina hanyar jinyarsu a kan raba mutum da matsalarsa. Mun gwada a tsakaninmu, yana aiki. Akwai bambanci tsakanin "ni matsoraci ne" da "tsoro yakan ziyarce ni in na ji ƙara." Na farko suna ne aka raɗa maka. Na biyu baƙo ne, ana iya sanin lokacin zuwansa, a yi masa shiri.

Wasunmu sun ji tsoron kada duk wannan ya zama rashin tawakkali. Muka kai maganar wurin malaminmu na makarantar dare. Ya yi murmushi ya ce mu tuna ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Yana yaro 'yan uwansa suka jefa shi rijiya, aka sayar da shi, aka ɗaure shi a kurkuku ba da haƙƙi ba. Mahaifinsa Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, kuma Annabi ne, babu wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Malam ya ce mu lura da yadda Annabi Yusuf ya ba da labarin rayuwarsa a ƙarshe, bayan iyayensa da 'yan uwansa sun zo Masar: ya ambaci yadda Allah ya fitar da shi daga kurkuku, ya kuma haɗa shi da danginsa. Bai manta da rijiya ba, ya riga ya tuna wa 'yan uwansa abin da suka yi masa ido da ido. Amma bai bari rijiyar ta zama ita ce kan labarinsa ba. Malam ya ce, "Yarana, haƙuri daban, haɗiye wuta daban. Wanda ya haɗiye wuta, iyalinsa ne ke shan hayaƙin."

Akwai wani guntu da dukkanmu muka yanke daga labarin, shi ne ya fi mana wuyar mayarwa. Uku daga cikinmu a ɗakin wata tsohuwa Bajju suka kwana a daren. Mama muke ce mata, ita ce ke sayen gishiri da manja a wurin iyayenmu mata. Ta tura su bayan buhuna, ta zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya zo ta ce babu kowa sai jikokinta. Da asuba ɗanta ya bi da su ta gona ya kai su inda jami'an tsaro suke. Mun san wannan sarai, amma shekara da shekaru in muna ba da labarin ba ma sa ta. Me ya sa? Saboda ta ɓata mana lissafi. Labarin da muka riƙe shi ne duk sun tsane mu. Labari ne mai ɗaci amma mai sauƙi, ba ya buƙatar tunani. In ka sa Mama a ciki, dole ka yarda cewa a dare ɗaya, daga gari ɗaya, aka samu mai kunna wuta aka samu mai tare ƙofa. Da sallar layya ta zo muka kai mata nama mu uku. Ta tsufa ƙwarai, amma ta gane mu, har ta tambayi wanda ya yi mata fitsari a buhun masara.

Da muka fara sauraro kuma, sai muka ji cewa tsararrakinmu Bajju da Atyap da Kagoro su ma suna da nasu duwatsun. Wani makanike da direbanmu ke kai wa mota, mahaifinsa a rikicin Kaduna na 2000 aka kashe shi, yana jariri. Wata da muka yi sakandare tare, cikin dare aka shiga ƙauyensu. Kuma kakanninsu sun ba su labarin zamanin da ake kama mutanensu bayi, da zamanin da ake mulkinsu daga nesa ba da shawararsu ba. Jin nasu bai rage nauyin namu ba. Abin da ya yi shi ne ya cire mana tunanin cewa Allah mu kaɗai ya ware.

Ba mu ne farkon waɗanda suka bi wannan hanya a jihar nan ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye kowannensu ya jagoranci matasan ɓangarensa a Kaduna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. Hannun bai dawo ba, malamin bai dawo ba, abin da ya canza shi ne abin da kowannensu ya ce rashin nasa yake nufi. Haka a ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Katab suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a Godogodo da Goska. Wannan ya nuna mana cewa takarda tana da amfaninta, amma ba ta shiga ɗakin kwanan mutum ta cire masa mafarki. Wannan aikin sai a zaure, mutum da mutum.

Kada kuma wani ya ce mun ce a yafe dole, ko a bar neman haƙƙi. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Shehu Ahmad Lemu, ya miƙa rahotonsa a Oktoban 2011. Duk wanda aka kashe wa nasa yana da haƙƙin ya ci gaba da tambayar ina aka kwana. A cikinmu akwai wanda ya yafe, akwai wanda ya ce bai kai nan ba tukuna, kuma ba mu matsa masa ba. Abin da muka ƙi shi ne mu jingine rayuwarmu har sai ranar da aka yi hukunci. In ranar ba ta zo ba fa?

Sai jimla ta ƙarshe, wacce ba ta mutum ɗaya ba ce, ta unguwa ce gaba ɗaya: mu baƙi ne. Mun sha ji daga waje, har muka koma muna faɗa wa kanmu. Shi ya sa wani ba ya dasa itace a gidansa, wani ba ya gyara rufi, kullum jaka a ɗaure. Gaskiya ne kakanninmu zuwa suka yi, wasu fatauci ya kawo su, wasu aikin jirgin ƙasa, kuma ƙasar Bajju ce, muna girmama masu ita. Amma a nan aka binne cibiyarmu, a nan kaburburan iyayenmu suke. In muka je Kano, daga jin Hausarmu ake tambayarmu 'yan ina ne. Abin da muke gaya wa 'ya'yanmu yanzu shi ne: ku Hausawan Fadan Kaje ne, nan ne gida, waɗancan kuma maƙwabtanku ne, ku koyi gaisuwa da Jju. Ɗan kasuwar cittan nan ya sa tubalin farko a filin mahaifinsa bayan damina, ya kuma dasa mangwaro biyu.

Ba za mu ɓoye muku ba, ba kowa ne igiya ta isar wa ba. Mai shan tiramol ɗinmu, da ya taɓa dutsensa sai abin ya taso masa gaba ɗaya, ya kwana uku ba barci. 'Yar uwarmu ta ce wannan ya fi ƙarfin zaure. Aka yi masa addu'a, aka kuma kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, yana ganin likita, yana samun sauƙi. Zuwa can ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa wurin mai ɗori ba abin kunya ba ne. Duk wanda kuka ga ya daina barci, ko yana ganin abin kamar yanzu yake faruwa, ko ya shiga shaye-shaye, ko yana cewa gara ya mutu, kada a tsaya ana cewa iska ce kawai. A yi ruƙiyya, a kuma kai shi wurin likita da wuri, kada a bar shi shi kaɗai.

Iyayenmu, ga roƙonmu. In ɗanku ko 'yarku ta zo da tambaya a kan ranar nan, kada ku ce "me ya kawo wannan magana?" Ku zaunar da su. Akwai guntun labarin da ku kaɗai kuka sani, wataƙila shi ne zai sauke musu kayan da suka ɗauka tun suna yara. Tsararrakinmu kuma, ku nemi mutum ɗaya da kuka yarda da shi, ku fara daga haihuwa, kada ku fara daga dutsen. Wanda ake ba labari, aikinsa sauraro ne: kada ya katse, kada ya yi wa'azi, kada ya kai gaba. Masu ƙananan yara kuma, rikici bai ƙare a yankin nan ba, yaranmu suna ji suna gani. In wani abu ya faru, ku gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, ku kuma faɗa musu ƙarara cewa ba laifinsu ba ne.

Disambar da ta biyo baya, muna zaune a ƙofar gidan direba aka sake fasa nokawut. Ya zabura, kofin shayi ya zube masa a wando. Ɗansa ya ce, "Baba, tsoro ka ji?" Ya ce, "E, na ji. Lokacin da nake kamar kai an yi wani dare mai ƙara irin wannan, jikina bai manta ba. Amma ya wuce. Je ka kawo mini tsumma."

Muna nan zauren duk Lahadin farkon wata bayan la'asar, mata kuma suna nasu zaman a cikin gida. Igiya tana nan, duwatsu suna nan, dabino ne dai sai mai zuwa ya taho da nasa. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, mu da maƙwabtanmu. Amin.